Yadda saiwa ke sanar da ganye halin da take ciki

Masakwa, wato dawar rani, na girma ne bayan dashe kusan ba tare da ruwan sama ya taɓa ta ba. A filayen laka da ake kira karal na kewayen Marwa ta Kamaru, da ƙetaren kogin Logon a Cadi inda ake ce mata berebere, ana yafa irinta ne damina na shirin ɗaukewa, a kai dashen baƙar laka tsakanin Satumba da Oktoba, a girbe wajen Janairu ko Fabrairu. Wanda ya taɓa ganin dashen ya san yadda ake yi: a datse kan ganye, a rage saiwa, a soka rami da turke mai tsini, a tsiyaya ɗan ruwa, a sa dashe. Daga nan sai abin da laka ta riƙe. Ƙasa na bushewa daga sama tana tsagewa, iskar hunturu na kaɗawa, amma karan na nan tsaye har ya fid da kai.

Ruwan yana ƙasa wajen saiwa, amma ta ganye yake tsiyayewa, ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In har tsiro zai yi tattalin abin da ya rage, dole ganye ya san abin da saiwa ke fama da shi. Ga shi kuwa tsiro ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da jijiyoyin kai saƙo irin namu. Abin da yake da shi ruwan jikinsa ne, kuma a cikin wannan ruwa ne masana suka gano waɗansu furotin da ke tashi daga wata gaɓa su isa wata ɗauke da labari.

Ruwan tsiro ba iri ɗaya ba ne. Ƙaron da Cadi ke fitarwa kasuwannin duniya, wanda ake samu jikin dakwara da dushe, ɗanko ne da itace ke fitarwa don toshe rauni. Farin ruwan tumfafiya da na gwanda kuma suna da nasu magudanan daban. Waɗanda suka shafe mu biyu ne. Na farko ana kiransa zailem: matattun bututu ne a cikin itace, masu jan ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa sama, kuma tururin da ke fita ta ganye ne ke jan su. Na biyu fuloyem, wanda ke kwance a cikin ɓawo, yana da rai, yana kwasar sukarin da ganye ya haɗa zuwa duk inda ake buƙata, saiwa ce ko toho ko ƙwaya. A 1930 Bajamushe Ernst Münch ya bayyana cewa matsin ruwa ne ke tura shi daga inda sukari ya yi yawa zuwa inda ake cinye shi, kuma har yau bayaninsa ne ake aiki da shi. Gudunsa bai cika wuce rabin mita zuwa mita ɗaya a awa ba.

Masu sassaƙen magani sun san tasirin wannan hanya ta biyu ko da ba su san sunanta ba. A sassaƙi maɗaci ta gefe ɗaya, zai warke. A zagaye shi da sassaƙa, ganyensa zai yi ta zama kore na wani lokaci domin ruwa na hawa ta cikin itace, amma saman raunin zai kumbura, saiwa ta rasa abinci, a ƙarshe itacen ya bushe. Tun ƙarni na 17 Marcello Malpighi na Italiya ya yi wannan gwaji ya rubuta abin da ya gani. Abin da shi bai sani ba shi ne, ba abinci kaɗai aka yanke wa saiwar ba, har da labari.

Samun ruwan fuloyem zalla aiki ne mai wuya, domin da an huda hanyar take toshewa. A dangin wake da gyaɗa akwai wani dunƙulen furotin kwance cikin bututun, da zarar an ji rauni sinadarin kalsiyam ya kwararo sai ya kumbura nan take ya rufe hanya. Kwarkwatar ganye, wadda ke bar wa wake da auduga darɓa, ita ce ta iya shiga ba tare da an rufe mata ƙofa ba. Shi ya sa a 1953 masana biyu, Kennedy da Mittler, suka fito da dabarar barin ƙwaron ya soka bakinsa, sannan a yanke bakin a bar shi a jikin tsiron yana ɗigo. Ɗigon bai taka kara ya karya ba, don haka masu bincike da yawa suka koma ga kabewa, wadda in an yanke ta ruwa ke bulbulowa. A 2009 wani ayarin masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya ƙirga furotin sama da 1,100 a ruwan kabewa. Sai dai shekara guda bayan haka aka nuna cewa yawancin ruwan da ke bulbulowar ba daga babbar hanyar sukari yake ba, daga wata hanya ce ta gefe da dangin kabewa ke da ita.

A nan ne nake ganin ake yawan zarce gona da iri. Babbar motar da ta taso daga Garwa za ta Marwa tana ɗauke da buhuna, da fasinja, da kayan gyaran ita kanta motar, da tarkacen da ya maƙale tun lodin jiya, sannan wataƙila da wasiƙa ɗaya a aljihun direba. Wanda ya ƙirga duk abin da ke cikinta ya ce wasiƙu ne, ya yi kuskure. Yawancin furotin ɗin fuloyem masu kula da bututun ne, domin ƙwayoyin halittar da suka yi bututun sun zubar da cibiyarsu, maƙwabtansu ne ke ciyar da su ta waɗansu ƙananan kafofi. A 2016 ɗakin binciken Karl Oparka da ke Edinbura ya nuna cewa furotin da yawa na zurarewa ne kawai ta waɗannan kafofi saboda ƙanƙantarsu, ruwa ya tafi da su ba tare da an aike su ba. Kafin a kira abu saƙo sai an tabbatar an ƙera shi a wuri ɗaya, ya yi tafiya, akwai mai karɓarsa a ɗaya gefen, kuma in an hana shi tafiya aikin ya tsaya.

Babban makamin tabbatar da haka abu ne da kowane mai lambun mangwaro ya sani, wato aure. A ɗauki saiwar tsiron da ke iya ƙera wani furotin, a ɗaura mata kan wanda ba ya iyawa, ko a juya, a ga abin da zai faru. Da haka aka warware wata tsohuwar tambaya. A 1936 Mikhail Chailakhyan na Tarayyar Sobiyet ya ce ganye ne ke auna tsawon yini, sannan ya aika wa toho wani abu da ke sa shi fure. Shekara 70 ana neman abin nan ba a kama shi ba, sai a 2007 masana a Jamus da Japan suka nuna cewa wani ƙaramin furotin ne mai suna FT, wanda ake ƙerawa a jijiyoyin ganye ya bi fuloyem ya hau. Manomin dawar gargajiya ya daɗe yana cin moriyar wannan: ko ya yi shuka da wuri ko ya makara, dawarsa na fid da kai ne kusan lokaci guda, sa'ad da yini ya fara gajarta, daidai ƙarshen damina.

Labarin ƙishirwa ya fi wannan sarƙaƙiya. Sinadarin da ke rufe ƙofofin ganye sunansa ABA, kuma shi ba furotin ba ne. A shekarun 1980 an yi gwajin raba saiwar tsiro gida biyu, rabi a jiƙaƙƙiyar ƙasa rabi a busasshiya. Ganye na samun isasshen ruwa daga gefe ɗaya, amma duk da haka ya rage buɗe ƙofofinsa. Aka ce to, saiwar da ta bushe ce ke ƙera ABA ta aiko. Wannan bayani ya zauna shekaru, har sai da auren tumatir ya girgiza shi a 2002: an ɗaura kai mai lafiya a kan saiwar da ba ta iya ƙera ABA sosai, amma da ƙasa ta bushe ganye ya rufe ƙofofinsa yadda ya saba. Ashe mafi yawan ABA ɗin da ke aikin a ganyen ake ƙera shi. To me ke gaya masa ya ƙera?

Wani ɓangare na amsar ƙarfin jan ruwa ne. Da ƙasa ta fara riƙe ruwanta, igiyar ruwan da ke cikin zailem sai ta ƙara ɗaurewa, kuma ganye na jin wannan kusan nan take. Ɗaya ɓangaren ya fito ne a 2018 daga cibiyar RIKEN ta Japan, a aikin Fuminori Takahashi da Kazuo Shinozaki. Sun gano wani guntun furotin mai suna CLE25, wanda amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 12 ne kacal a jikinsa, alhali furotin na yau da kullum na da ɗaruruwa. In saiwa ta ji bushewa, jijiyoyinta na ƙara ƙera shi, ya bi ruwa ya hau. A ganye akwai masu karɓarsa biyu, BAM1 da BAM3. Da ya maƙale musu sai su tada ƙwayar gadon da ke sarrafa ƙera ABA, ƙofofi su rufe. Tsiron da aka cire wa CLE25 ya fi saurin galabaita in an hana shi ruwa, kuma aure ya nuna cewa masu karɓar da ke sama ne ake buƙata, ba na saiwa ba. Saiwa ba ta aiko da maganin, rahoto take aikowa, ganye ne ke zartarwa.

Rufe ƙofa kuwa ba kyauta ba ne. Ta nan iskar da ake haɗa sukari da ita ke shiga, kuma tururin da ke fita ne ke sanyaya ganye. Tsiron da ya cika saurin rufewa zai tsira da ruwansa amma ya yi ƙaramin kai, kuma a zafin Maris da Afrilu na Kusuri ko Injamena ganyensa na iya ƙonewa. Ga masakwa, wadda ruwanta ƙidayayye ne tun ranar dashe, tattali riba ne, domin abin da ta adana yau shi zai cika ƙwaya gobe. Ga albasar da ake ba ruwa da inji a bakin kogi, wannan tattalin asara ne. Saboda haka duk wanda ya ce zai ƙara wa kowane iri ƙarfin wannan saƙo ya sami mai jure fari, bai gama lissafi ba.

Ƙuduji ya sami hanyar cin amanar wannan tsari. Yana manne wa saiwar dawa ko gero ya haɗa zailem ɗinsa da nata. A 2019 masana a Japan sun gano cewa wani furotin da ke jikinsa ya sauya ta yadda ABA ba ya sa shi rufe ƙofofinsa. Dawa na jin ƙishi tana rufewa, shi kuwa yana buɗe, sai ruwa da abinci su karkata zuwa gare shi. Wannan na cikin dalilan da ɓarnarsa ta fi muni a busasshiyar gona.

Saƙon da ya fi burge ni shi ne na yunwa, domin shi tafi-da-dawo ne. Taki ba ya bazuwa daidai a ƙasa; nan akwai kashin shanu, taku biyu gaba rairayi ne zalla. A 2014 ɗakin binciken Yoshikatsu Matsubayashi na Jami'ar Nagoya ya nuna cewa saiwar da ta faɗa inda babu naitirojin na ƙera waɗansu guntayen furotin da ake kira CEP, masu amino asid 15, su bi zailem zuwa ganye inda mai karɓarsu yake. A 2017 suka gano amsar da ke dawowa: ganye na ƙera waɗansu furotin, CEPD1 da CEPD2, su sauko ta fuloyem. Suna isa kowace saiwa, amma ba sa aiki sai a wadda ke da naitirojin a kusa da ita, can ne suke ƙara yawan masu zuƙo shi. Wato saiwar da ke cikin yunwa ta kai kuka sama, sama ta umarci wadda ke cikin wadata ta ninka aiki. Wannan na taimaka mana fahimtar yadda ɗan takin da aka binne a gefe ɗaya na gindin shuka ke wadatar da ita duka.

Wake da gyaɗa da waken suya suna da irin wannan lissafi game da ƙulla-ƙullan da ke saiwarsu, inda ƙwayoyin bakteriya ke kama naitirojin daga iska. Kowane ƙulli na cin sukari, don haka ba a barin su yi yawa. Da ƙullin farko sun fara, saiwa na aika guntayen furotin na dangin CLE zuwa ganye, ganye ya mayar da umarnin a dakata. Tsiron da aka lalata wa mai karɓar wannan saƙo yana cika saiwarsa da ƙulli har ya tsumbure. Abin lura ga manomi shi ne, naitirojin mai yawa a ƙasa ma na tada wannan saƙo na dakatarwa. Wanda ya zuba wa gyaɗarsa yuriya da yawa ya sayi abin da gyaɗar za ta samo da kanta, kuma ya sa ta rage samowa.

Batun rauni shi ne inda aka fi shan mamaki. A 1972 Green da Clarence Ryan a Amurka suka lura cewa in ƙwaro ya ci ganyen tumatir ɗaya, sauran ganyayen da bai taɓa ba na tara waɗansu furotin masu hana cikin ƙwaro narkar da abinci. A 1991 Ryan da abokan aikinsa suka ware wani guntun furotin mai amino asid 18 suka sa masa suna sistemin, shi ne irinsa na farko da aka gano a tsirrai, kuma kowa ya ɗauka shi ne ɗan aiken. Da aka yi auren tumatir a farkon shekarun 2000, sai ta bayyana cewa aikinsa ya fi ƙarfi a kusa da raunin, yana zuga ƙera wani sinadari mai suna jasmonet, kuma wannan ne ake buƙata don labari ya yi nisa. Bayan haka aka ga cewa akwai abin da ya fi su duka sauri. A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy suka ɗauki hoton igiyar kalsiyam tana bazuwa daga inda tsutsa ta ciza, da gudun kusan milimita ɗaya a daƙiƙa, ta kai ganyaye masu nisa cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ke tada ita gulutamet ne da ke zuba daga raunin, sinadarin da ke cikin farin magi. Sannan a 2023 ayarin Edward Farmer na Lozan a Suwizalan ya nuna cewa waɗansu furotin da ke fashewa daga raunin na shiga zailem, ruwa ya ja su, suna tafe suna farfasa sinadaran yaji irin na dangin kabeji, abin da ya fito ya tada saƙon lantarki a gaba. Ubaldo Ricca na Italiya ya yi hasashen wani abu mai kama da haka tun 1916.

Batun saƙon cuta kuwa har yanzu da sauran gardama. Tun 1961 Frank Ross ya nuna cewa ganyen taba da ya kamu da bairos na sa sauran ganyaye su ƙara juriya. An danganta wani furotin mai suna DIR1 da wannan a 2002, amma ƙananan sinadarai da dama ma na da hannu, kuma ba a gama daidaita wa ke gaba wa ke baya ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne cututtukan ma wannan hanya suke bi. Bairos na da nasa furotin da ke buɗa kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin halitta, ya faɗa fuloyem ya game jiki. Haka cutar rozet ke yi wa gyaɗa, wadda kwarkwatar ganye ke yaɗawa, wadda a 1975 ta halaka kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya.

Duk wannan ilimi na da gurgun gefe da ya shafe mu kai tsaye. CLE25 da CEP, yawancin aikinsu an tabbatar da shi ne a jikin Arabidofsis, wata 'yar ciyawa dangin kabeji da ake rainonta a ɗakin bincike mai sanyi. Dawa da gero da masara da shinkafa na da ƙwayoyin gado na waɗannan dangogi, amma samun dangi ba ya nufin aikin ɗaya ne, balle a lakar da ke tsagewa ƙarƙashin rana. Don haka in mai shagon maganin gona ya miƙo kwalbar feshi ya ce tana koya wa shuka jure fari, tambayar da ta dace ita ce a kan wane amfanin gona aka gwada ta, a wace ƙasa, kuma buhu nawa ta ƙara.

Dalilin wannan giɓi ba sakaci kaɗai ba ne. Hatsi ba ya karɓar aure yadda mangwaro da lemo da tumatir ke karɓa, domin jijiyoyinsa a warwatse suke cikin kara kuma ba shi da shimfiɗar nan mai rai da ke ƙarƙashin ɓawo wadda ke haɗe rauni biyu. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin wanda ba zai yiwu ba. A ƙarshen 2021 ne masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Gregory Reeves da Julian Hibberd da abokan aikinsu, suka nuna cewa yana yiwuwa in an yi shi tun tsiron na cikin ƙwaya: a cire ɗan tohon da bai fito ba, a sa na wani a gurbinsa, su haɗe suna girma. Sun yi nasara da alkama da shinkafa, har da ayaba da dabino. Ba wanda zai dasa gonar masakwa da irin wannan aure, aikin ya yi yawa. Amfaninsa na bincike ne: yanzu ana iya ɗaura kan dawar damina a saiwar masakwa, a juya, a hana su ruwa, a auna wanne gefe ne ke riƙe da juriyar da kuma abin da ke hawa cikin ruwan. Irin masakwa kala-kala na hannun manoman Diyamare, yankin da Marwa take, da na Cadi, kuma cibiyoyin binciken noma na IRAD a Marwa da ITRAD a Injamena ne suka fi kusa da gonakin da za a yi gwajin.